Labulen Turkuɗi a Tagar Ɗakin Fiɗa

Ni mai gyaran wuta ne, kuma na iya aikina. Wanga ba cika baki ba ne. A Dakoro duk wanda na ja wa waya yana barci da ido biyu a rufe. Shekara da shekaru ni ke kula da kuran, wato lantarki, na wani ƙaramin asibiti a garin, tun daga ampul, ƙwan fitilar bakin ƙofa, har gurup ɗin da ke tashi in wutar gari ta ɗauke. Sau ɗaya tak aikina ya kunyata ni, kuma bai tashi yi ba sai ranar da ɗan gwaggona ke kwance bisa tebur da cikinshi a buɗe.

Likitar fiɗarmu mace ce, ƴar ƙasar nan, gajeriya, ba ta ɓarnar magana. Ta je wani ƙarin karatu ta dawo da akwati: kamara mai dogon wuya, da allon tele, da ƴan kwalabe masu garin magani. Ta sa aka kira ni ɗakin fiɗa, ta zaunar da ni kamar ɗan lakwal gaban malamin aji.

"Malam," ta ce, "in hanjin mutum ya mutu na yanke shi, sai in haɗa baki biyun da suka rage in ɗinke. Ido yakan ce mani suna da rai, amma ido yana ƙarya. In jini ba ya kaiwa bakin, bayan ƴan kwanaki ɗinkin ya buɗe a cikin mutum. Wanga magani ana sa shi cikin jijiya, duk inda jini ya je ya bi shi. In kamara ta haska shi sai ya amsa da wani irin haske da idonmu ba ya gani. Ita tana gani, ta nuna mana shi tsanwa bisa allo. Inda ya yi tsanwa akwai rai. Inda ya zauna baƙi, babu."

Na ce to, ina nawa a ciki?

"Hasken maganin ba shi da ƙarfi," ta ce. "Rana kuwa da tsofaffin ampul cike suke da irinshi. Kamar mutum ne ke raɗa a tsakiyar kasuwar dabbobi. So nake ka sa kasuwar ta yi shiru, amma kada ka bar mu cikin duhu da wuƙa a hannu."

Wallahi maganar ta yi mani daɗi. Na gaji da canza ampul da gyaran fanka. Ga aikin da ke son kai.

Na fara da babbar fitilar da ke rataye bisa tebur, tsohuwa mai ampul masu zafi da ke gasa ƙeyar likita. Na cire su na sa na zamani masu sanyi. Ban yarda da rubutun jikin kwali ba. Duk ampul ɗin da zai shiga ɗakin sai na kunna shi gaban kamarar. In allo ya nuna shi, ya koma ɗakin haihuwa ko baranda. In allo ya zauna baƙi, ya ci jarabawa. Mai sa barci ya ce dole ya riƙa ganin leɓen marar lafiya da alluranshi, sai na yi mashi ƴar fitila mai kallon bango a wajen kai. Mai miƙa kayan aiki ta ce ba za ta lalubi allurar ɗinki cikin duhu ba, na yi mata tata a ƙarƙashin kantar kayanta, da hular da na yanko daga gwangwanin madara don kada hasken ya tsallaka zuwa tebur. Na haɗa su duka a maɓalli ɗaya na takawa da ƙafa, tunda hannun da aka wanke ba ya taɓa bango. Taki ɗaya, manyan fitilu su mutu, ƙanana su kama. Taki na biyu, komai ya dawo. Layin kuma na ɗora shi bisa baturan hasken rana, don kada wutar gari ta yi mana halinta.

Saura tagogi. Biyu ne, manya, suna kallon yamma. Ni na ce a toshe su da bulo a huta. Majo, wato babban ma'aikacin jinya na ɗakin, dattijo mai furfura, ya ce sai dai bayan ranshi. Shi ya yi aiki a zamanin da wuta kan ɗauke ana tsakiyar fiɗa, gurup ya ƙi tashi, taga ta ƙarasa aikin.

"Taga fitila ce da ba ta shan mai," ya ce. "Baturanka na san ranar da aka kawo su. Rana kuwa na same ta a nan."

Na yi fushi, na ce mashi tsoron jiya ke damunshi. Ya ce jiyan ce ta ba shi furfura. Muka rabu a kan labule: a rataya shi ta waje, tsakanin gilashi da ƙarafan taga, da igiya da ta ratso ta wata ƴar huda, yadda ja ɗaya daga ciki zai ɗage shi. Likita ta ce ba laifi, in dai baƙi ne mai kauri.

A nan ɗan gwaggona ya shigo maganar. Taubashina ne, uwarshi ƙanwar ubana, kuma tun muna yara ba mu taɓa gaisawa ba tare da zagi ba. Makiyayin raƙuma ne a dajin arewa da Birnin Lalle. Duk ranar kasuwa sai ya biyo ta ɗan shagona da ke bayan asibiti, ya shanye mani shayi, ya kira ni bawanshi. Ran nan ya tarar ina auna wani baƙin yadi da na sayo. Ya ɗaga shi sama ya kalli rana ta cikinshi, ya fashe da dariya.

"Bawana, wanga ai rariya ce. Ku ƴan birni ba ku san baƙi ba. Bari in kawo maka wanda muke tare rana da shi."

Kasuwa ta zagayo ya zo da turkuɗi, rinin baba mai sheƙi da ke barin shuni a hannu, wanda ya ajiye don rawanin salla. Ya jefa mani bisa cinya ya ce sadaka ce ga bawa marar wayo. Na sa tela ya ninka shi huɗu. Na ɗaga shi ga rana tsaka, ko ɗigon haske ban gani ba. Na rataya, na shiga ɗakin na kashe komai, na kai tafin hannuna gaban hancina ban gan shi ba. Na ce magana ta ƙare.

Gwajin ƙarshe bayan magariba muka yi shi, don da rana ɗakin ba ya zama ba kowa. Likita ta ɗiga maganin cikin ƙwaryar madara, na taka maɓalli, ƙwaryar ta fito tsanwa shar bisa allo, gefenta baƙi ƙirin. Har majo sai da ya gyaɗa kai. Fiɗa uku na farko da aka yi da kamarar duk da safe aka yi su, rana tana can gabas bayan gini, kuma duk suka tafi daidai. Na riƙa yawo a asibiti kamar ni na ƙera kamarar.

Akwai wani hali na mutanenmu da ya daɗe yana ɓata mani rai. In an shiga da mutum fiɗa, danginshi ba sa zama a rumfar da aka yi masu. Sai su zagayo bayan ɗakin su tare gindin taga, wai ko za su ji motsi. A nan wayar baturana ta bi. Na kori tsofaffi, na kori mata masu goyo, har na yi suna da masifa a wajen. Ban taɓa jin kunyar korar kowa ba.

Cikin bazara, wata rana bayan azahar, aka kawo taubashina a bayan mota. Kwana biyu cikinshi na murɗa, ya kumbura kamar salka, an ba shi jiƙe-jiƙe bai faɗa ba. Gwaggo na tare da shi, da maza biyar ko shida na rugarsu. Likita ta duba ta ce hanji ne ya murɗe, yanzu za a shiga. Ta gaya mashi gaskiya kamar yadda ta saba: za ta yanke abin da ya mutu, in ta tabbata sauran na da rai ta haɗa, in ba ta tabbata ba ta fito da bakin hanjin ta gefen ciki a sa mashi jaka, har wani lokaci.

Da ta juya ya kama wuyan hannuna. Bai ce mani bawa ba, sunana ya kira, abin da ban taɓa ji a bakinshi ba.

"Ka san maƙwabcinmu da aka sa wa jakar nan," ya ce. "An ce mashi wata uku, yau shekara nawa. A daji ina zai samu jakar canji? Ya sayar da dabbobinshi, yana zaune a gari, ko sahun salla ba ya shiga don kunya. In jaka ce, ka ce mata ta rufe ni haka nan ta bar ni da Allah."

Na ce mashi ya daina maganar banza. Na ce ɗakin nan ni na shirya shi, likita za ta ga hanjinshi fiye da yadda yake ganin raƙumanshi. Da gaske nake, ko ɗar ban ji ba.

Duk ranar da za a yi aiki da kamara nakan sa rigar ɗakin da abin rufe baki in tsaya a kusurwa, kusa da allon wuta. Ina nan tsaye aka buɗe shi. Ban kalli teburin ba, fitiluna nake kallo. Bayan wani lokaci likita ta ce ta cire mataccen, saura baki biyu, duka ja suke a ido amma ɗaya bai kwanta mata ba. Ta ce a sa magani. Majo ya taka maɓalli, manyan fitilu suka mutu, ƙanana suka kama, ɗakin ya yi duhun da nake alfahari da shi.

Allon kamarar ya cika da tsanwa mai hazo tun daga sama har ƙasa. Hanjin tsanwa, zanen da aka rufe shi da shi tsanwa, safar hannun likita tsanwa. Ba a bambanta komai da komai.

"Malam, akwai abin da ke kunne," ta ce.

Na kashe fitilar mai sa barci. Babu canji. Na kashe ta mai miƙa kaya, har ta yi tsaki. Babu canji. Ɗakin ya zama ba abin da ke haske sai allon. Likita ta ce wa majo ya ɗaga wuyan kamarar ya zagaya da ita ɗakin a hankali. Bango baƙi. Ƙofa baƙa. Da ya kai ga tagogin sai ga su bisa allo, fari fat, guda biyu, har ana ganin inuwar ƙarafan. Na juya na kalle su da idona, baƙi ƙirin, ba ko tsaga. Rinin baba ya tare hasken da ido ke gani, wancan kuwa da kamara ke gani yana ratsa shi kamar ruwa a rariya. Ga rana ta juyo yamma ta dafe gilashin. Na gwada kowane ampul gaban kamarar nan, labule ne kaɗai na gwada da idona.

Kunya na ji kafin tsoro, ba zan ɓoye ba.

Likita ba ta ɗaga murya ba. Ta ce a maido da fitilu, ta rufe hanjin da ƙyalle mai ɗumi, ta ce: "Maganin zai ragu a jininshi nan da kamar minti goma sha biyar, zan iya sake ba shi. Ba zan riƙe shi a buɗe fiye da haka ba. In ban gani ba, jaka zan sa. Ba na caca da hanjin mutum."

Na fita. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma ranar na fafe.

Na zagaya baya da gudu. Kamar kullum, suna nan gindin taga: gwaggo zaune a ƙasa da casbi, mazan suna ta shimfiɗa buzayensu, fatun tumakin da suke salla a kai, don la'asar ta kusa. Da suka gan ni suka fara tattara kaya, sun ɗauka kora ce. Na ce kada wanda ya tafi. Na wuce shagona na ɗaga ƙofar kwanonshi daga maƙalinta, don ƙarfe dai ba rini ba ne, na jawo ta na jingina a taga ta farko. Ta rufe ta, amma ba ta tsayawa da kanta, sai an danne. Ƙofar ta wuni a rana, ni da kaina sai da na saki na yarfe hannu. Maza biyu suka naɗe hannu da bakin riga suka kama sama. Kafin in ce wani abu gwaggo ta tashi ta dafa ƙasan da tafinta biyu.

"Gwaggo, da zafi, ki bari."

"Ɗana ne a ciki ko naka?" ta ce. Ba ta ko kalle ni ba.

Taga ta biyu ba ni da sauran ƙarfe. Na dubi buzayen nan, fata ce mai kauri da gashi. Ban sani ba ko za ta tare, amma ba ni da lokacin sani. Na ce su ba ni. Babu wanda ya tambayi dalili. Muka jera su bisa ƙarafan, wani kan wani, kowa ya danne nashi da hannu da kafaɗa. Na kai baki ga hudar igiya na kira majo, na ce ya juya kamara ya gaya mani.

Muryarshi ta fito siririya ta hudar. "Ta farko ta mutu. Ta biyu fata na tarewa, amma akwai tsaga a tsakiya." Muka matsa. "Saura sama, hannun dama." Buzu ya ƙare. Wani dattijo ya tuɓe takalmanshi na fata ya miƙo mani, na hau bisa wani tsohon bidon, jarkar ruwa, na cusa su a kusurwar, na danne da damtsena.

"Ku tsaya haka," majo ya ce. "Kada kowa ya motsa."

Muka tsaya. Rana na dukan bayanmu, zufa na shiga mani ido ba hannun sharewa. Ladan ya kira la'asar, ba wanda ya saki. Ina jin gwaggo tana salati ƙasa-ƙasa. Ni da na shirya hasken ɗakin nan, ranar da ya fi kowace rana ban ga allon ba. Bangon siminti na gani, da gashin tunkiya a gaban hancina.

Ban san tsawon lokacin ba. Daga baya muka ji an ƙwanƙwasa gilashi, majo ya ce mu saki, an gani.

Shi ya ba ni labarin abin da ya faru a ciki. Da aka sake sa maganin, baki ɗaya ya kama tsanwa har leɓenshi. Ɗayan, wanda bai kwanta wa likita ba, tsanwar ta zo ta tsaya, ta bar kamar faɗin yatsa uku baƙi, alhali a ido ja yake kamar lafiyayye. Ta yanke wajen ta koma inda rai yake, ta haɗa ta ɗinke. Da a ido ta dogara ta haɗa, da ɗinkin ya buɗe a cikinshi. Da ba ta ga komai ba, da jaka ce.

Da yamma na sami likita tana wanke hannu na ce laifina ne. Ta ce ita ma baƙin labule ta ce a sa. Na ce ita likita ce, haske aikina ne, kuma wanda ya gwada da magariba abin da zai yi aiki da la'asar bai gwada ba. A satin na ƙera wa tagogin marufan kwano masu maƙali, da baki mai hawa kan bango don kada gefe ya yi yoyo, da igiyar majo yadda ja ɗaya zai buɗe su. Na gwada su gaban kamara da ƙarfe uku na rana, kwana uku a jere. Wayar baturan kuma na ɗaga ta sama na sa a bututu, na kafa benci a gindin tagar. Tun ranar ban sake korar kowa daga wajen ba.

Shi kuwa taubashina ya farka da babban bandeji a ciki, ya ƙi yarda da kowa. Likita ta ce mashi an haɗa, majo ya ce mashi an haɗa, na rantse mashi, ya juya fuska bango. A ganinshi lallashi ne irin wanda ake yi wa marar lafiya, jakar na nan ƙarƙashin bandejin. Hannunshi ko kusa da cikin ba ya kaiwa. In na shigo sai ya ce mani sannu, da ladabi, kamar baƙo. Wannan sannun ta fi komai tayar mani da hankali.

Rana ta uku ya yi tusa, majo ya yi ta murna kamar an yi haihuwa, ya ce hanya ta buɗe. Mutanen ɗakin suka yi dariya, shi ko murmushi bai yi ba.

Rana ta biyar aka zo canza bandeji ina tsaye. Ya rufe ido gam. Da aka ɗaye, gwaggo ta matso. Tafukanta biyu duk a naɗe suke, don kwanon ya tashe su da ƙuna. Ta kama hannunshi da ƴan yatsunta da suka rage a waje, ya ja, ta riƙe. Ta bi da shi gefen dama na cikin, fata lafiya lau. Ta bi da shi gefen hagu, fata lafiya lau. Sannan ta ɗora shi kusa da layin ɗinkin da ke tsakiya.

"Shi ke nan abin da ke akwai," ta ce.

Ya daɗe bai buɗe ido ba. Hannun ya sake komawa dama da hagu, shi kaɗai wannan karon. Hawaye ya gangaro mashi ta gefen kunne. Da ya buɗe ido, hannuwan uwarshi ya fara kallo, sannan ya nemo ni a bakin gado.

"Bawana," ya ce, muryar a dishe, "ina turkuɗina? Maido mani abina, tunda ba ka iya aiki da shi ba."